Kwanon Sulhun Iya Hure

Shekara ashirin da shida Iya Hure ta yi tana sayar da ɗanwake a gindin darbejiyar wata firamare da ke bayan Ƙofar Sauri. Mijinta maɗinkin hula ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, da tukunyar nan ta raine su. Amma ba da ɗanwake kaɗai unguwa ta san ta ba.

Da an kaɗa ƙararrawar tara, wato hutun cin abinci, malamai sai su shige ofis su ja ƙofa, su bar yara sama da ɗari shida a fili ɗaya da ƙwallo ɗaya. Duk faɗan da ya ɓarke, wurin Iya ake jawo masu shi.

Ba ta taɓa riƙe bulala ba. Wani tsohon kwano gare ta, fentinsa duk ya ɓaɓɓare. Sai ta cika shi, ta zuba mai da yaji, ta zaunar da abokan faɗa gwiwa da gwiwa.

"Ku sa hannu. Ba mai tashi sai kwanon nan ya yi fes."

Ba ta tambayar wanda ya fara. Ta ce in ta tsaya bin ba'asi, tara ta ƙare ciki wayam. Tun ana harare-harare har hannu ya ci karo da hannu, ɗaya ya tuntsire da dariya, shi ke nan.

Shekarar da soja suka koma bariki, 1999, unguwar ta samu sabon kansila, Alhaji Atiku. Ɗansa Ashraf, ɗan aji biyar, ya fasa wa Shehu ɗan wani mahauci leɓe a kan wanda zai tsare gida a wasan ƙwallo. Iya ta zaunar da su, suka cinye, suka tashi rungume da kafaɗun juna. Ashraf ya je gida yana ba da labari yana dariya.

Washegari ana cikin tara, motar kansila ta shigo har tsakiyar fili.

"Iya, ke kika haɗa ɗana kwano guda da ɗan mahauci?"

"Ni ce, Atiku. Naman da ke cikin miyar gidanka, uban wa ya yanka shi?"

"Ranka ya daɗe ake ce mani yanzu."

"To, Allah ya ja da ran naka. Amma kai ma ka zauna gaban kwanon nan, kai da Lawal na gidan Baraka, kana ci kana jan majina. Mi ya ragu a jikinka?"

Yara suka kwashe da dariya. Dariyar nan ce ba a yafe wa Iya ba.

Kwana huɗu tsakani takarda ta zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma: an hana talla a harabar makaranta saboda tsabta. Hedimasta, Malam Hadi, ya karanta mata kansa a sunkuye. Cikin malaman da suka sha inuwar ofis shekara da shekaru tana yi musu aiki, ba wanda ya tsaya mata. Bayan mako biyu mai ƙosai ta koma, mai alale ta koma, har mai rake. Iya Hure kaɗai tsabtar ta kama.

Ta mayar da tukunyarta ƙofar zaurenta, lungu uku daga makarantar, inda ihun tara yake iske ta. Kafin hutun zango an kai yara biyu asibiti da rotsi. An sa malami guda yana zagaye da bulala, faɗan sai ya koma bayan aji inda ba ya gani.

Daga ƙarshe Malam Hadi ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana kame-kame, sannan ya roƙi aron kwanon.

Iya ba ta ko ɗago daga tukunya ba.

"Malam, kwano ba ya raba faɗa shi kaɗai. In ni kuke so, da takarda kuka kore ni, ku rubuto wata."

Ya ce zai yi magana da na sama. Iya ta shekara tana sauraro, ba a rubuto ba.