Humra a Bayan Taubashina

Ni ɗan dako ne, ko in ce na yi dako. Tun gemu bai fito mini ba nake ɗaukar buhu a kasuwannin hatsi, daga Shuwarin har ƙauyukan Buji: gero, dawa, riɗi, duk abin da aka ɗinke bakinsa aka ce a kai mota. Ban yi karatu mai nisa ba, don haka kada a jira daɗin baki a wurina. Abin da ya faru zan faɗa, kuma har yau ban huce ba.

Da bayana ya fara ciwo na je asibiti a nan Dutse. Aka yi hoto, likita ya ce ƙashi lafiya lau, jijiyoyi ne suka gaji. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in huta, a riƙa yi mini tausa a hankali. Ƙwayoyin sun rage, amma ciwon bai tsaya a baya kaɗai ba, ya hau mini zuciya. Ba barci, ba fara'a. Yaro ya yi dariya a tsakar gida in daka masa tsawa. Tuwo ya yi zafi faɗa, ya huce faɗa.

Mai ɗakina sana'arta gyaran jiki, matan Limawa sun san ta, ita ke gyara amare da masu jego. Wata rana da hantsi ta shimfiɗa tabarma a rumfa ta ce, "Malam, cire rigar nan ka kwanta."

Na ce, "In yi me?"

Ta ce, "Ka kwanta dai. Mun gaji da faɗanka, har akuya ta daina shigowa gidan nan."

Ta narka man kaɗe a ƙaramin kwano bisa garwashi, ta zuba man zaitun da dakakken kanumfari da citta da ganyen na'ana'a. Sai na ga ta ɗauko kwalbar humra, turaren nan na mata da take shafa wa amare, ta ɗiga a ciki.

Na ce, "Ke, ajiye wannan. Ni mace ce?"

Ta ce, "Man kaɗe zalla wari yake, ba za ka iya zama da shi ba. Kuma hanci ma yana da rabonsa. In ya ji daɗi, jiki sai ya saki."

Gaskiya ta faɗa. Ta fara daga kafaɗa ta gangara ƙugu, tana bin jijiya da babban yatsa, tana tsayawa inda ya ƙulle har ya warware. Ɗumin man yana shiga, ƙamshin yana hawa kaina. Na ji abin da ya tokare mini ƙirji yana sauka, na tuna ɗakin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ranar Juma'a in ta turara kayanta. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, sai kiran azahar na ji. Da aka jera kwanaki ana yi, na fara ruku'u ba tare da na dafa bango ba. Yarana suka dawo suna cin abinci kusa da ni.

Akwai darbejiya a ƙofar gidana, nan majalisarmu take bayan la'asar. Ranar da na fara fita na zauna, sai ga taubashina, ɗan kawuna, direban bas ne tsakanin Dutse da Kafin Hausa. Mutum ne mai baki, in bai sa an yi wa wani dariya ba abinci ba ya wuce masa. Ya tsaya ya ɗaga hanci.

"Jama'a, wace amarya aka kawo unguwar nan ba a gayyace mu ba?"

Ya riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, har ya iso kaina. Ya ja da baya ya tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Ashe bawan gidanmu aka sa a lalle! Amarya, ina mayafin?"

Ya toshe hanci ya rangaɗa guɗa. Majalisa ta kwashe, har da masu furfura. Ni ma na yi yaƙe, don ba a fushi da taubashi. Haka muka tashi muka tarar: duk abin da ya faɗa maka wasa ne, in ka ɓata rai kai ne ƙaramin mutum.

Da a gindin darbejiya abin ya tsaya, da na manta. Amma direba ne, ya ɗauki sunan ya raba shi tasha-tasha. Mai shayi ya ce mini Amarya. Yaran mota suka ce mini Amarya. A kasuwa, samarin da ni na koya musu yadda ake saɓa buhu suka fara cewa, "A bar wa Amarya ƙaramin, kada lalle ya goge." Na kai kuka wurin dattijon majalisarmu, mutumin da nake ganin girmansa kamar uba. Ya ce, "Haba, kai kuwa. Taubashinka ne fa. Wasa ne."

Na koma gida na ce wa mai ɗakina ta kwashe kwanonta, kada in ƙara ganinsa. Ta ce bayan bai gama warkewa ba. Na ce na ji. Na koma kasuwa don a san namiji ne ni. Ranar wata kasuwa ana lodin riɗi, na saɓa cikakken buhu na hau katakon da ake jinginawa a jikin mota. Ina tsakiya na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna kamar igiyar guga. A kwance aka kawo ni gida. Daga ranar dako ya ƙare mini. Yanzu gawayi nake ƙullawa a leda ina sayarwa a ƙofar gida. Ni na ɗauki buhun, ban musa ba, amma bakinsa ne ya ɗora mini shi.

Ya zo dubiya kuwa. Ya leƙo ɗaki, ina kwance ko juyi ba na iyawa, ya ce, "Sannu Amarya. Ko laulayi ne?"

Na ji shi sarai. Na dai ajiye a raina.

Watanni na yi a kwance, kwanon man nan ne ya tashe ni, shi da maganin asibiti. A zaman nan na koyi haɗin, na koyi bin jijiya, don in rama wa mai ɗakina in kafaɗunta sun gaji. Sai abu ya zama sana'a ba shiri. Mace ba za ta taɓa jikin namijin da ba muharraminta ba, don haka mazan unguwa ni suka riƙa nema. Masu dariyar nan dai, wannan gwiwa, wancan wuya. Sukan zo da rana tsaka lokacin da layi ba kowa, su shige zaure, su yi ƙasa da murya su ce, "Amma ban da humra." In yi musu tausar, in rufa musu asiri. Ba su nake jira ba.

Shekarun zama a kujerar mota da faɗawa ramuka suka taru suka kama taubashina. Wuyansa ya ƙage, ƙugu ya riƙe. Na ji a gari cewa ko madubin gefe ba ya iya waiwayawa ya duba, kuma mai motar ya ce in bai warke ba zai ba wani makulli. Ya sha ƙwayoyi, ya je an yi masa ƙaho, shiru. Ya turo matarsa wurin mai ɗakina a ɗibar masa mai. Na ce ko ɗigo ba zai fita daga gidan nan ba, mai ciwo ya zo da ƙafarsa.

Ya zo da rana tsaka, kai a karkace, yana juyowa da jiki gaba ɗaya kamar an ɗaura masa itace. Na ce ina da aiki, ya dawo bayan la'asar.

Na shiga gida na narka mai. Mai ɗakina tana kallona na ɗauki kwalbar humra na tuntsura.

Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah! Wannan ai ya ishi amare uku."

Na ce, "Ki bar ni."

Da ya dawo, majalisa ta cika. Ya tarar na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ga kasko da garwashi, ga kwano a kai, ƙamshi ya gauraye layi. Ya tsaya turus.

"Ɗan'uwa, mu shiga zaure mana."

Tunda nake da shi bai taɓa ce mini ɗan'uwa ba. Na ce, "Zauren ya yi duhu, idona ba ya gani."

"Don girman Allah..."

"Ko ka cire riga, ko ka koma gida da wuyanka. Kuma ka faɗa da ƙarfi abin da ka zo nema, kunnena ya yi nauyi."

Dattijon nan ya sa baki. "Kai, rufa masa asiri mana. Magidanci ne."

Na ce, "Baba, taubashina ne fa. Wasa ne."

Dattijo ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Taubashina ya dubi jama'a, ba mai ceto. Ya ce, "Tausa na zo a yi mini." Na ce ban ji ba. Ya maimaita. Sai da aka taimaka masa ya cire rigar, ya kwanta rub da ciki, tumbinsa ya baje a tabarma. Masu babur suka fara tsayawa. Wani tsoho da ko haƙori ba shi da shi ya gwada guɗa, ta maƙale masa, aka fashe da dariya.

Niyyata in danna masa har ya kira uwarsa, kuma da farko na danna, ya kira ta. Amma da yatsana ya sami inda jijiyar ta ƙulle a gindin wuya, hannu ya ƙi bin zuciya, ya koma yin aikinsa. Na ji wurin yana laushi, numfashinsa yana sauka. Can sai minshari. A gaban jama'a, yawu na zuba a tabarmata. Wannan ya fi komai ba ni haushi: na shirya masa wulaƙanci, shi kuma yana shan barcin da ya daɗe bai samu ba. Na ƙara lakato mai na shafe masa har bayan kunne da gemu.

Da ya farka ya juya wuya dama, ya juya hagu, idonsa ya kawo ruwa. A sallar magariba mutanen sahunsa sai atishawa suke. Humra ba ta jin sabulu, ta kama kujerar motarsa ta zauna. A tasha yanzu in ya shigo, yaran mota ihu suke, "Ga motar kai amarya!" Fasinja mata su tambaye shi inda ya sayi turarensa. Duk wanda ya kawo mini labarin sai na ƙara masa gawayi.

Ya riƙe motarsa, ni ban koma kasuwa ba. Wannan lissafin bai yi daidai ba, kuma ba zai yi ba. Abin da nake da shi kawai, wuyan nan yakan sake ƙagewa in ya sha hanya, kuma duk Dutse hannuna ya sani. Ya roƙi in ɗura masa a kwalba ya tafi gida, na hana. Ya roƙi a rage humra, na ƙara.

Zuwansa na baya-bayan nan, yana kwance a gindin darbejiya, fuska a tabarma, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda majalisa ba za ta ji ba.

"Na san ni na jawo maka. Ka yafe mini, ɗan'uwa."

Na goge hannuna a tsumma, na gyara garwashi, na ce, "Juya ɗaya gefen."