Ɗigo Biyu a Kan Giyar Taimin

Duk shekarun da na yi ina kanikanci a Jega, ba motar da na sani ciki da waje kamar a-kori-kurar wani Alhaji mai fataucin albasa a Aliero. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ba a ko fara zancen yanke mana jiha ba. Motar fara ce a da, amma jar ƙasa da rana sun cinye fentin har ba mai tuna launinta. Ni ke duba ta tun ranar da ya sayo ta a hannun wani. In ta yi tari a Jiga Birni ni za a aiko wa, in ta ƙi tashi a bakin kasuwa ni za a kira. Kuma abin ya wuce mota ɗaya. Alhaji shi ne babba a cikin masu lodin albasa, inda ya kai motarsa nan sauran ke kai nasu. Rumfata a kan motar nan take tsaye, kowa a gareji ya san haka.

Ga wanda bai taɓa buɗe gaban inji ba, akwai wata sarƙa a ciki, irin ta keke amma ta fi ta kauri, muna ce mata sarƙar taimin. Ta zagaye giya biyu masu haƙora, ƙarama a ƙasa, babba a sama. Ta ƙasa tana tafiya da fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ta sama ita ke buɗe bawul, 'yan ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, tana rufewa. Kowace giya kamfani ya buga mata ɗan ɗigo, in za ka ɗora sabuwar sarƙa sai ka juya su har ɗigon nan su daidaita. Ka kuskure haƙori ɗaya, mota ta rasa ƙarfi ta dinga harbi. Ka kuskure da yawa, fistin ya taso ya iske bawul a buɗe, ya naushe shi ya lanƙwashe.

Sai dai mu a Jega ba ɗigon kamfani kaɗai muke bi ba, don injunanmu kaɗan ne suka rage da kayansu na asali. Abin da ka samu a jikin matacciyar mota shi za ka sa. In ka sa giyar da ba ta injin ba ce, sai ka nemo daidai da hannunka, ka buga taka alamar da ƙusa da guduma. Kowa da tasa: wani layi, wani ɗigo uku. Tawa ɗigo biyu ne a jere. Kuma duk wanda ya buɗe inji ya ga alamar hannu, ba ya ɗora sarƙa sai ya je ya tambayi mai ita, ko da ba sa ga maciji da juna.

Motar Alhaji na ɗauke da tawa. Wata shekara ta mutu da kaya kusa da Gumbin Kure, haƙoran giyar sama sun kakkarye. Na je Maiyama na tono wata giya a jikin wani tsohon inji da kaji ke kwana a kai. Ta shiga daram, amma ɗigonta na kamfani ya kauce da haƙora da dama, don ba injin shekararsu ɗaya ba. Na cire fulogi na farko, na zura karan dawa a ramin, direba na juya inji da hannu har karan ya gama tasowa ya tsaya. Na duba bawul, na ɗora sarƙa, na buga ɗigona biyu. Motar ta yi shekara huɗu a haka ba ta ko yi atishawa ba.

To, ran nan cikin bazara, an cire albasa ana ta lodi, sarƙar ta tsufa ta fara ƙara. Na ce wa direba su kawo ta Jega in canza. Sai ga aike wai in zo Aliero. Na ɗauki akwatin kayana na hau mota, na isa da hantsi.

Tun daga nesa na ga an riga ni. Motar na ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidan Alhaji, an cire mata lagireto, an buɗe gaban inji. Wani mutum na tsaye a kanta cikin farar rigar aiki, fara tas, an yi mata guga har da kari. Ban taɓa ganin makanike da karin guga ba sai ranar. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, suna ƙyalli, ka san ba wadda ta taɓa cizon noti mai tsatsa a cikinsu. Ga wani littafi mai kauri a buɗe a kan mota, an danne shi da dutse. Wannan shi ne surukin Alhaji, mijin babbar 'yarsa, wanda ya yi kwas a Sakkwato yake aiki a wani garejin gwamnati. Mutanen gari na ce masa Injiniya. Na taɓa jin labarinsa: aikinsa a can shi ne ya sa hannu a takarda wasu su kwanta ƙarƙashin mota.

Alhaji na zaune a tabarma da wasu masu motocin albasa guda uku, duk mutanen da nake yi wa gyara. Na durƙusa na gaishe shi. Ya jawo ni kusa ya rage murya.

"Ka gani, surukina yaz zo hutu, yac ce shi za ya sa mata sarƙa. Ban iya ce mashi a'a. Kai dai tsaya kusa, ka sa ido."

Na ce, "To, ranka shi daɗe."

Na matsa na yi wa Injiniya sallama. Ya amsa bai ɗago ba. Na leƙa, na ga ya juya giyar sama ya kawo ɗigon kamfani daidai da na ƙasa, kamar yadda hoton littafinsa ya nuna. Na yi masa magana a hankali, yadda na tabarma ba za su ji ba, don ban zo tozarta shi ba.

"Malam, giyag ga ta sama ba ta injin ga ta ba. Ɗigon kamhwani bai aiki nan. Dibi ɗigo biyun ga, su za ka bi."

Sai ya ɗago, ya dube ni tun daga hula har silifas.

"Wa yab buga wanga?"

"Ni na."

Ya yi dariya, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ashe kai na! Baba, ga irin abin da nika hwaɗa maka. Su ka ɓata ma mutane injuna da ƙusa awa masu sassaƙa turmi. Waɗanda sunka ƙera motag ga sun ce ɗigo da ɗigo. Kai wane littahi kak karanta?"

Kafin in buɗe baki ya ɗauko magagari, ya dafe giyar, ya goge ɗigona biyu. A gabana. Ya hure garin ƙarfen, ya share wurin da ɗan yatsa, sannan ya share yatsan da hankici. Ɗaya daga cikin masu motocin ya yi dariya, mutumin da na taɓa kwana biyu a ƙarƙashin motarsa a hanyar Jandutsi. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban taɓa jin na raina ɗan Adam kamar yadda na raina mutumin nan a lokacin ba, kuma har yau da nake rubutu ban rage komai ba. Da zagina ya yi da na haƙura, mun saba da zagi a gareji. Amma alamar makanike ko abokin gabarsa ba ya taɓa ta. Na ɗauki akwatina na koma gefe, na zauna a kan buhun albasa na harɗe hannu.

Daga nan na yi ta kallon ikon Allah. Noti ɗaya zai ɗaura ya je ya duba littafi, ya dawo ya goge hannu. Ya riƙe sifana da yatsa uku kamar mai tsoron kada ta cije shi. Zafin bazara ya sa gumi ya fara zubo masa, sai ya sa direba ya riƙe masa lema, babban mutum mai 'ya'ya biyar, direban da ya fi shi sanin motar sau goma. Yana aiki yana yi wa na tabarma lacca a kan yadda ake yi a Sakkwato, yana jefa Turanci nan da can, su kuma suna gyaɗa kai suna cewa madalla, alhali ko kalma ɗaya ba su gane ba. Ya ɗora sarƙa, ya rufe murfi, ya mayar da lagireto. Na jira in ga ko zai sa sifana ya juya injin da hannu zagaye biyu kafin a tayar. Ko wanda ya fara koyon aiki jiya ya san wannan, don in akwai kuskure hannu zai ji inji ya cije tun bai yi ɓarna ba. Da alama littafin bai faɗa ba, ko kuma shafin ne bai kai ba.

Direba ya ajiye lema ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Oga, ba ka cewa komi? Ni na san ranad da munka sa giyag ga."

"An ce ban karanta littahi ba," na ce masa.

Aka kira azahar, muka tafi masallaci gaba ɗaya. Da muka fito ina neman takalmina, Alhaji ya tsaya a gefena, mu biyu kawai. Surukin ya riga ya yi gaba.

"Lahiya dai aikin ka tahiya?"

Nan ne wurin. Kalma huɗu sun isa: a juya da hannu. Ba sai an kunyata kowa ba, Alhaji zai iya cewa shi ne yake son ya gani. Amma ina jin ƙarar magagarin nan a kunnena, ina jin dariyar mutumin can, kuma gaskiya so nake a ga ƙarshen farar riga a gaban jama'a. Na sa takalmina na ce, "Injiniya na ka aiki, Alhaji."

Ya dube ni, muka koma.

Injiniya ya wanke hannu da sabulu mai ƙamshi, ya shiga mota da kansa, ya ce kowa ya matsa. Ya murza makulli. Injin ya juya rabi, ya yi wata ƙara ƙas, ya tsaya. Mai hankali a nan zai cire hannu. Shi kuwa ya ce batir ne ba ƙarfi, ya sa masu lodi su tura. Ƙarti shida suka tura motar a gangaren ƙofar gida, ya sa giya ya saki kuloci. Ƙarar da ta fito kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Motar ta yi tsalle ɗaya ta tsaya cik, direba ya dafe kai.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Injiniya ya fito yana ta bayani. Wai sarƙar jabu ce. Wai bugun ƙusar da aka yi wa giyar ne ya karkatar da ita tun da can. Ya buɗe littafi yana nuna wa mutane hoto, baƙin mai ya ɗiga a gaban farar rigar bai ma lura ba. Na zuba wa Alhaji ido. Albasarsa na jibge a rana, gobe kasuwar Jega, motarsa ta zama gawa. Amma mutum ba ya faɗa da mijin 'yarsa a ƙofar gida, ko sunansa ma ba ya kamawa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sannu da ƙoƙari. Shiga ciki ka huta." Mutumin ya tattara sifanoninsa a farin ƙyalle ya shige gida da sauri.

Sai na miƙe ina naɗe hannun riga. Na riga na tsara komai a kaina: in sauke kan inji, in koma Jega in nemo bawul, kafin jibi mota na kan hanya, kuma kowa a Aliero ya san waye makanike. Na buɗe akwatina a gaban motar.

"Rufe akwatinka," in ji Alhaji.

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Ranka shi daɗe, bawul na yal lanƙwashe, kwana biyu sun isa."

Bai ɗaga murya ba, amma na tabarma duk sun ji.

"Shi bai sani ba, wauta ta. Kai ka sani. Na tambaye ka bakin masallaci."

Na fara cewa ai na faɗa wa Injiniya tun farko, a gaban kowa ya goge alamata. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Shi kah hwaɗa ma. Motar tashi ta?"

Na rufe akwati, na yi sallama, na taka zuwa bakin titi cikin rana na jira motar Jega.

Washegari aka ja a-kori-kurar zuwa Maiyama wurin wani makanike. Kafin damina ta sauka, masu albasa sun daina tsayawa a rumfata ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba zagi, sai dai su ɗaga mini hannu su wuce. Injiniya ya koma Sakkwato, na ji ma an ƙara masa girma, kuma ban yi mamaki ba, irinsu ake ƙara wa. Har yau in na ga mutum da karin guga kusa da inji sai na tsartar da yawu.

Alhaji kuwa bai taɓa sauya mini fuska ba. Har ya rasu muna haɗuwa a kasuwa, in durƙusa in gaishe shi, ya tambaye ni iyali da yara ɗaya bayan ɗaya. Bai sake tambayata komai a kan mota ba.