Ƙyallen da Kaka Ta Ɗaura wa Jirgin Ikko

Murhu biyu ne a gidanmu na Tudun Wadar Zariya. Na tsakar gida na girki ne, na ƙofar ɗakin Kaka kuwa na hira. Da an idar da sallar isha'i sai ta ɗebo garwashi a kasko, ta ɗora 'yan ƙirare, ta zauna a kan buzunta, ta miƙe ƙafar da ke yi mata ciwo wajen wuta. Yaran gida su kewaye ta. Yayana Sani shi ne kullum a gaba, saboda bakinsa ba ya hutawa. Ni kuwa wurina gefen turmi ne, inda hasken wuta bai cika kaiwa ba. Ko a makarantar allo, idan Malam ya ce in biya karatu sai muryata ta maƙale. Shi ya sa Kaka take kirana Ta-ƙurya. Amma daga ƙuryar nan ba abin da ke wuce mini.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Tudun Wada sabuwar unguwa ce, kusan kowa a cikinta daga wani gari ya zo. Jirgin ƙasa ma baƙo ne, har tsofaffi idan sun jiyo kukansa sai sun nemi tsari. Babanmu, Garba, goro yake sayarwa. Wansa, Baffa Audu, shi ke zaune a Ikko, can bakin teku, yana auno masa goron yana sakowa a jirgi. Baffa shi ne ɗan farin Kaka, don haka ba ta faɗin sunansa. Sai dai ta ce “na bakin ruwa”.

A shekarar da nake ba da labari, duk fataken da suka sauka sai sun kawo saƙo ɗaya: Baffa yana roƙon Kaka ta je. An haifa masa 'ya, ya sa mata sunan Kaka, ga yarinya har ta fara tafiya ba ta ga mai sunan ba. Baba ya shirya komai. Akwai abokin cinikinsa Malam Tanko da zai tafi da iyalinsa kafin damina, sai a haɗa mu. Na ce “mu” domin ni aka zaɓa in riƙe wa Kaka buta da buzu. Baba ya faɗa a fili cewa in ba a tafi bana ba, da wuya ƙafar Kaka ta bari a tafi baɗi. Ni kuwa kullum sai na yi mafarkin ruwan da aka ce ba a hango ƙarshensa.

Kaka ba ta taɓa cewa ba za ta ba. Shiri ma ita ta fi kowa. Ta sa aka daka dakuwa, aka soya ƙuli-ƙuli, ta ƙulla garin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, domin ta ji an ce mutanen can ba su san miyar kirki ba. Ta sa aka saƙa mata malfa mai faɗi, saboda fatake sun ce ranar Ikko jiƙaƙƙiya ce, zufa ba ta bushewa a jikin mutum. Maƙwabta suka yi ta kawo kwalabe a ɗebo musu ruwan teku na magani. Wata rana Baba ya tarar da ita tana ƙulla gishiri.

“Inna, wannan fa?”

“Tsarabar surukata.”

“Ai ruwan garin gaba ɗaya gishiri ne.”

“To sai ta ɗanɗana namu ta ji bambanci.”

Sai dai duk ranar da aka sa, sai wani abu ya gitta. Yau akuya ta kusa haihuwa. Gobe wata bai yi kyau da tafiya ba. Jibi an yi rasuwa a layin baya, ba a yi addu'ar bakwai ba. Idan aka ɗaga, sai ta ce kada guzuri ya lalace, ta raba mana. Sani har kumatu ya yi.

“Kaka, Allah ya sa ki yi ta shirin Ikko har in girma,” in ji shi.

“Ka ji ɗan nema. Miji ne kai ko gara?”

A cikin kwanakin nan ne ta fara tatsuniyar Bushiya. Kaka ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita sai ta leƙa bayanta ta ce, “Wa ya ga baƙuwata?” Mu kuma mu ce, “Ta shigo, akwai wuri.”

Wai wata Bushiya ce da 'ya'yanta biyu. Babban ya tafi bakin babban ruwa ya zauna, ya aiko uwarsa ta zo. Bushiya ta ɗauki ƙunshinta ta kama hanya, har ta iso bakin Rafi. Ta ce, “Rafi, kai da kake aika 'ya'yanka can kullum, yaya wurin yake?” Rafi ya ce, “Wa ya sani? Tun da nake aikawa, ba wanda ya dawo ya ba ni labari.” Can sai ta dafe kai ta ce ta yi mantuwa, ta juyo gida tana waƙa:

“Na manto, na manto,
Faifaina na kan danga,
Babban ruwa jira ni,
Gobe ma ina tafe.”

Mu yi ta amshi muna tafi. Daga nan Kaka ta ja toka ta rufe garwashi, ta ce, “Baƙuwa ta kwanta.” Washegari Bushiya ta sake kama hanya, ta sake isa Rafi, ta sake mantuwa. Yau ludayi, gobe tsintsiya, wata rana ma wai ƙayarta guda ɗaya ta manto a ƙarƙashin tabarma. Yara suna ta dariya. Ni kuwa na lura da wani abu: duk lokacin da Rafi ya ba da amsarsa, Kaka ba ta kallonmu, wuta take kallo. Na kuma lura Bushiya ba ta taɓa ambaton sunan babban ɗanta ba.

Wata rana bayan waƙar, ban san lokacin da magana ta fito daga bakina ba.

“Kaka, ai Bushiya ba mantuwa take yi ba.”

Kowa ya juyo. Na ji kamar in shige cikin turmi.

“Yau Ta-ƙurya ce da magana? To me take yi?”

“Tsoro take ji kada ta ƙi dawowa.”

Kaka ta daɗe tana juya garwashi da tsinke. Sannan ta ce, “An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Katsina. Shekarar yunwa muka tashi, aka ce da kaka za mu koma. Ban sake ganinsa ba. Kano na yi aure, kakanku ya ce mu zo Zazzau mu yi fatauci na shekara guda. Ga ni nan. Duk garin da na juya wa baya, shi ke nan. Nan kuwa na riga na zaɓi inda za a kwantar da ni, kusa da kakanku.”

Ni kuwa da yake na riga na fara, sai na ƙarasa. Ranakun da ba makaranta nakan kai wa Baba abinci tasha idan ya je karɓar goro. Na gaya mata akwai wani tarago da aka toshe tagarsa ɗaya da guntun kwano. Na gan shi ya yi kudu, na kuma gan shi ya dawo.

“Kin tabbata shi ne? Ba ɗan'uwansa ba?”

“Shi ne, Kaka.”

“To za mu gani. Sabuwar kaza ma ba a yarda da ita sai an ɗaura mata ƙyalle an sake ta, a ga ko ta san gida.”

Da gaske take. Ranar jirgin kudu ta yagi bakin wani tsohon jan zanenta, ta dogara sanda, muka ƙetare Kubanni har tasha, ni da ita da Baba. Ta zaga ta zaɓi tarago kamar mai zaɓen akuya a kasuwa, ta ɗaura ƙyallen a jikin ƙarfen da ake kamawa a hau. Wani ma'aikacin jirgi ya tsaya yana kallonta baki buɗe. Baba ya rasa inda zai sa fuskarsa.

“Inna, mutane na kallo.”

“Su kalla. Garba, in ƙyallen nan ya dawo, na tafi. In bai dawo ba, kada wanda ya sake yi mini zancen Ikko.”

Aka shiga jira. Jirage suka zo suka wuce, ba jan ƙyalle. Malam Tanko ya aiko cewa hadari ya fara haɗuwa, shi ba zai ƙara ɗagawa ba. Na daina cin abinci sosai, domin ni na jawo wannan gwaji, kuma ga shi zai hana Kaka ganin ɗanta.

Ana nan, ran nan da hantsi sai ga Baba ya shigo da sauri.

“Inna, taso ki gani. Kazarki ta dawo.”

Muka tafi. Ga ƙyalle kuwa a jikin ƙarfe, ya yi baƙi kamar ya sha hayaƙin hanya. Zuciyata ta yi fari, sai kuma na matsa kusa. Kaka bahaguwa ce, ƙullinta kullum hagu yake kwantawa. Wannan dama ya kwanta. Baƙin da ke jikinsa kuma yana da maiƙo, ba irin na hayaƙin jirgi ba. Na dubi hannun rigar Baba, sai ga baƙin tukunya a bakinsa. Da safen nan ma na ji Innarmu tana tambayar wanda ya kife mata tukunyar miya.

Na ɗaga kai muka haɗa ido da Baba. Bai ce komai ba, ni ma haka. Ranar ce rashin maganata ya fara yi mini amfani.

Kaka ta kama ƙyallen ta murza, ta shinshina, ta daɗe tana duban ƙullin. Sannan ta kwance shi ta ɗaura a bakin zanenta.

“To,” ta ce. “A sake daka dakuwa. Wannan karon a ɓoye wa Sani.”

Mun je Ikko. Kaka ta yi salati tun daga Zariya har muka ƙetare Kwara, daga nan kuma ta shiga ciniki da masu tallar ayaba ta taga. Baffa ya tarye mu a tasha, ya durƙusa yana hawaye. Ita kuwa ta kau da kai, ta ce, “Ina yarinyar?” Aka miƙo mata ita, ta rungume. Da aka kai mu bakin teku ta tsaya nesa, malfa a ka, takwararta a goye, tana kallon ruwa yana zuwa yana komawa. Ta sa na ɗebo mata a tafin hannu, ta lasa, ta yamutsa fuska.

“Namu ya fi,” ta ce.

Sai da aka fara girbin gero muka dawo, da kwakwa da kwalaben maƙwabta cike. Daren farko ta hura wutarta, yara suka taru har da na maƙwabta. Baba yana zaune daga bakin zaure, wai yana gyaran huhun goro.

“Wa ya ga baƙuwata?”

“Ta shigo, akwai wuri.”

A daren nan Bushiya ba ta yi mantuwa ba. Wai da ta isa Rafi sai ta ɗaura ƙyalle a jikin wani gungume, ta ce in ya je ya dawo, ita ma za ta je. Gungume ya tafi abinsa. Sai ƙaramin ɗanta ya sami wani ƙyallen, ya goga masa gindin tukunyar matarsa, ya ɗaura a wani gungumen, ya zo yana haki wai ga shi ya dawo.

Daga bakin zaure muka ji Baba ya ƙware da tari.

“Bushiya ba ta gane ba?” in ji Sani.

“Wace uwa ce ba ta san ƙullinta ba? Har ƙanshin daddawa ta ji a jiki. Amma sai ta ce a ranta: wadda ta bar ɗa irin wannan a gida, ko ruwa bai dawo da ita ba, shi zai je ya ɗauko ta. Sai ta tafi.” Ta juyo wajen turmi. “Akwai kuma wata 'yar jikar Bushiya da ta ga komai ta yi shiru. Ita ma Allah ya yi mata albarka.”

Ta ja toka ta rufe garwashi.

Kaka ta ƙara shekaru masu dama a Tudun Wada, kuma an kwantar da ita inda ta zaɓa. Ni kuwa aure ya kai ni garuruwa, 'ya'yana ma sun watsu, har ɗaya tana can bakin ruwan. Ina yarinya na ɗauka Baba ne ya yi wa Kaka dabara. Daga baya na ɗauka ita ce ta yi masa. Sai da na fara tsufa, ƙafata ta fara neman wuta, na gane ba jirgin take gwadawa ba tun farko. So take ta san ko akwai wanda zai damu da dawowarta har ya ɓata hannun rigarsa. Ƙyallen yana nan a ƙasan adakata. Duk lokacin da zan yi tafiya mai nisa nakan ɗauko shi in duba. Ja ya koɗe, amma baƙin tukunyar bai fita ba.