Malam Nehemiya Mai Madubi

A shekarar 1957 ina ɗinki a Fagge, ina da keke ɗaya da burin zama tafinta a asibiti. Turancina a lokacin bai wuce na ciniki da matan ma'aikatan reluwe ba. Burin nan ne ya kai ni ajin Malam Nehemiya a Sabon Gari, wani ɗaki mai rufin kwano a bayan shagon kafinta, inda muke zama mu tara bayan la'asar, dukkanmu magidanta daga Fagge.

Bahaushe ne ɗan ƙasar Zazzau, Kirista, dogo siriri, da gajeren wando da safa har gwiwa kamar zai je fareti. Hausarsa ta fi tamu daɗi, kuma ya san haka. Ba ya fara koyar da Turanci da littafi. Madubi yake ba kowa, irin ƙananan nan na 'yan koli, ya ce mu buɗe baki mu ga kayan aikinmu: leɓɓa, haƙora, hanƙa, harshe. Ya ce duk maganar duniya baƙi ce da wasali, wasali iska ce da ta fita ba a tare ta ba, baƙi kuwa sai an tare ta a wani wuri. Daga nan ya hau da mu zuwa gaɓa, zuwa kalma, zuwa jimla, sannan suna da aikatau. Wani lokaci ya sa mu dafa maƙogwaro mu ji yana rawa, wani lokaci ya riƙe mana takarda a gaban baki, in ba ta motsa ba a sake. Har yau ina kewar ƙamshin katakon nan da dariyar da muke yi wa juna.

To, Fagge ba ta riƙe magana. Labari ya kai wa mahaifina, Malam Ilu, cewa ɗansa na can Sabon Gari yana zaro harshe a gaban madubi kamar mai taɓin hankali. Baba alaramma ne, shekara arba'in yana gyara wa mutane karatu. Sauran takwas ɗin nan kuwa kusan duk a zaurensa suka yi allo. In ya hana ni, su ma sun bari, ajin ya mutu. Malam Nehemiya ya san wannan sarai, domin da na gaya masa Baba zai zo ya gani da idonsa, sai da ya goge allon bango sau uku alhali babu rubutu a kai.

Ranar Laraba Baba ya zo, ana yayyafi, ya ƙi kujera ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa. Ni dai na so a ɓoye madubai a ranar. Malam Nehemiya ya ƙi, ya rarraba su kamar kullum. Ya ɗauki sautukan Turanci ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda kowanne ke fita, daga leɓɓa yana komawa ciki. Baba ya saurara har aka kai ƙarshe. Sannan ya tambaye shi a wurin wa ya karanta mafitar haruffa. Ya ce wurin wani Bature a Zariya. Baba ya ce su a littattafansu daga maƙogwaro ake farawa a fito waje, shi kuma ya faro daga ƙofa. Ya naɗe buzunsa muka tafi.

Kwana tara bai ce je ka ba, bai ce bari ba. Ni ban je ba, sauran ma ba su je ba. An ce Malam Nehemiya kullum yana buɗe ɗakin, ya jera bencuna, ya zauna shi kaɗai har magariba. Na ji kunyarsa ƙwarai, har na daina bin hanyar.

Ran Babbar Sallah, bayan an feɗe rago, Baba ya cire cinya guda da hannunsa ya naɗe a tsumma mai tsabta. A gidanmu wannan kason na malami ne, ba a kai wa maƙwabci ko suruki.

"Sabo," ya ce, "kai wa malaminka. In ka je ka durƙusa, ba a miƙa wa malami abu a tsaye."

Na same shi a ƙofar ɗakin yana wanke safa. Na durƙusa na ajiye a gabansa, na ce saƙo ne daga Baba. Bahaushe ne, bai buƙaci a fassara masa ba. Ya daɗe yana kallon ƙunshin, kumfa na ɗiga daga hannunsa.

"Tun da mahaifina ya rasu, dangi suka daina aiko mini da naman Sallah," ya ce a hankali. "Shekara goma sha tara ke nan." Ya share ido da bayan hannu. "Ka gaya wa sauran, jibi da la'asar."