Baƙin Yajina da Garin Kuɓewa

Tiya huɗu ta busasshen tattasai, biyu ta barkono, ga citta, masoro, kimba, kanumfari, tafarnuwa, da ƙuliƙulin da na soya da hannuna. Jarina ke nan gaba ɗaya a lokacin. Bisa wannan jari mahauta uku na tashar Tasawa suka yarda su bar yajin kowa su riƙe nawa. An yi shekaru da abin, amma har yanzu ban manta ba.

Baƙin yaji nake kiran shi. Sai na gasa masoro da kimba a busasshen kasko har su yi duhu, sannan a daka komai. In aka shafe nama da mai aka barbaɗa shi, aka ɗora bisa wuta mai ƙarfi, bayan naman ya yi ɓawo baƙi mai ƙamshi, cikin kuwa da ruwanshi. Dokata ɗaya ce: turmi, ban da inji. Inji na kowa ne, ba ka san abin da ya ci kafin naka ba.

Ana gobe kasuwa zazzaɓi ya kwantar da ni. Yayana, mai kabu-kabu, ya zo gaishe ni. Ni da nake ganin babu mai wayona a Tasawa, na ɗauki buhun da ladar daka na ba shi, na ce ya kai ma matan da ke yi mini daka, in sun gama ya raba ma mahautan.

Washegari babban mahaucin ya yi sallama da kanshi, riƙe da tsoka a takarda. Ya ɗaga ta, sai ga yauƙi yana bin ta kamar zare.

"Hajiya, yaji na ce ko miya? Wani direba cewa ya yi in kawo mishi tuwo ya haɗa!"

Na lasa. Kuɓewa ce. Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba na nufi gidanmu, na tarar da yayana yana goge moto.

"Yaya, ina ka kai kayana?"

"Inji mana. Ke, wa ke daka a wannan zamani? Niƙa duk niƙa ne."

Ashe busasshiyar kuɓewar wata mata aka gama niƙawa, ba a ko wanke injin da dusa ba aka juye nawa.

"To ladar dakan fa?"

"Moton nan ruwan rijiya yake sha? Esansi na sa."

Na buɗe baki ke nan mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki. "Yayanki ne, ki yi haƙuri." Wallahi wannan ta fi yauƙin ƙona mini rai. Shi da ya yi ɓarnar ko sannu bai ce ba, ni da aka karya ni ake ba umarni. Na haɗiye don darajarta, na fita.

Kuka ba ya maida jari. Na bi mahautan na karɓo abina, na ƙara mishi daddawa, na ƙulla a ƙananan ledoji, na hau amalanke zuwa kasuwar Korgom. Ban ɓoye ma kowa ba. Na ce, "Yajin miya ne, da kuɓewarshi a ciki." Mata suka saye, a farashin da ya sa ni cizon leɓe.

Tun daga ranar, kayan sana'ata ba sa shiga hannun wanda ba zan iya ɗaga ma murya ba. Muna gaisawa da yayana, ina zuwa sunan ƴaƴanshi, amma ko ana ruwa ba na hawa motonshi.

Rabin jari ya dawo. Mahauta biyu sun dawo, bayan na ba su yajin farko kyauta. Babban kuwa, wanda ke sayen abin da ya fi na su biyun a haɗe, har yau wurin wata mata ƴar Mayahi yake saye.