Rakiyar Inna Tamu

Har gobe ba zan manta da ranar da Inna Tamu ta hau motar jandarma da ƙafarta ba, alhali ba wanda ya kama ta. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ga yadda abin ya faru.

Ni palanto ne a gidan shari'a nan Agadez. Ga wanda bai sani ba, palanto shi ne mai kai sammaci gida gida, ranar zama kuma ya tsaya bakin ƙofa yana kiran sunaye. A lokacin ban fara zuwa ajin karatun manya ba, sai magatakarda ya karanta mini suna da unguwa, in riƙe a ka.

Kakar albasa ce, manyan motoci na ta saukowa daga Tabelot. Aka aike ni unguwar Dagmanet wurin wani mai gyaran taya, Sori, mutumin Gine. A gaban rumfarsa wata mota ta buge amalanke ta gudu, aka ɗora laifin kan wani ɗan kabu-kabu, har an tsare shi. Sori kaɗai ya ga abin da ya auku.

Da ya ga sammaci sai ya ajiye guduma. Ya ce, "Babban yaya, takardar zamana ta mutu. In na shiga can, zan fito kuwa?"

Na ce, "Shaida aka kira ka, ba kai ake tuhuma ba. Ka zo, ni ne a ƙofa." Da zuciya ɗaya na faɗi haka, don ban taɓa ganin an taɓa mai shaida ba.

Ranar zama ya zo tare da Inna Tamu, tsohuwar da yake zaune a gidanta. Ya ba da shaida da Hausarsa mai gargada, alƙali ya saurara, aka sallami ɗan kabu-kabu. Ashe a makon nan umarni ya sauko cewa a duba takardun baƙi. Muna fitowa sai ga ajidan, wato babban jandarmomin da ke wurin, tsaye da mutanensa a ƙofar waje. Ya tambayi Sori takarda. Sori kuwa ni ya juyo ya kalla. Wallahi da mari ne da ya fi mini sauƙi.

Na matsa na ce, "Mon ajidan, ni na kira shi."

Ya ce, "Alhasan, ka yi aikinka, bar ni in yi nawa. Wanda takardarsa ta mutu, sai a mayar da shi ƙasarsa."

Suka sa Sori a bayan mota. Inna Tamu ta tako a hankali, ta dafa ƙarfen motar, ta ce wa wani jandarma, "Kai ɗan nan, kama mini hannu." Shi kuwa tarbiyya ta riga tunani, ya kama ta ya hawar da ita. Ta zauna kusa da Sori, ta gyara mayafi.

Ajidan ya ce, "Inna, ina zuwa?"

"Rakiya. A gidanmu baƙo ba ya tafiya ba rakiya. Ubana ya sha saukar da masu ayarin gishiri, kowanne sai ya taka masa har bayan gari. Wannan ya daɗe yana cin tuwona, in bar shi a ƙofar shari'a kamar buhun albasa?"

"Inna, Gine fa da nisa."

"To, a biya Dagmanet in ɗauko butata da maganin ƙafa."

Mutanen da ke jiran shari'a suka fashe da dariya. Ajidan ya roƙe ta ta sauko. Ta ce, "Ɗana, ni ban hana ka aikinka ba. Ja mota."

Ya tsaya yana shafa haɓa. Ba zai janyo tsohuwa da ƙarfi a gaban jama'a ba, kuma ba zai ratsa gari da ita a bayan mota ba. Can ya ce mini, "Mu je wurin alƙali."

Alƙali ya ji mu duka. Ya ce, "Ajidan, umarninka yana nan, ban soke shi ba. Amma in aka kama mai shaida a ƙofata yau, gobe wane baƙo Alhasan zai kira ya amsa?" Suka daidaita cewa Inna Tamu ta tsaya wa Sori, shi kuma ya nemi sabuwar takarda, ya riƙa zuwa yana nuna kansa har ta fito. Ajidan da kansa ya miƙa wa Inna hannu ta sauko. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma ku sa tabarma a motar nan, ba ta da daɗin zama."

Takardar ta fito bayan azumi. Sori na nan a rumfarsa, ya yi aure, Hausarsa ta miƙe.

Tun daga ranar, in na kai wa baƙo sammaci, nakan tambaye shi wa ya sauke shi, in je in gaida mai masaukin, in ce su zo tare. Ku ma ku riƙa yi. A garin nan ban cika ganin baƙon da ba shi da kowa ba. Sai dai wanda ba a tambaya ba.