Tafin Hannun Kakana

Ana sallame sallar asuba muka bar Yeji, ni da gwaggona, ƙanwar mahaifina. Idonta ya kusa mutuwa, ta kafe sai na kai ta ta shafa hannun ubanta kafin ta daina ganin hanya.

Kakana magini ne. Yana yaro ya fara da taka ƙasa da murza tubali a Salaga, ya daɗe kafin maigidansa ya yarda ya ɗora azara. Daga baya Turawan ma'aikatar ayyuka suka ɗauke shi, suka koya masa awo da zana gini a takarda, har ya zama shi ke fitar da fasalin gidaje da rumfunan kasuwa. Amma bai taɓa sa hannu da alƙalami ba. In ya gama gida, sai ya danna tafinsa a ɗanyen yaɓen zaure. Gwaggo ta san gida uku masu wannan shaida.

Jirgin ruwa ya sauke mu a Makango, inda kifi ya yi arha har na ji haushin ƙanƙantar cikina. A Salaga kuwa, gidan farko ya zama kango, awaki ke kwance a ciki. Gwaggo ta ce, "Mu je, ɗana, akwai saura."

Hanyar Bimbilla! Motar doya muka hau, ramuka suka girgiza mu, sojoji suka sauke mu a kowane shinge suna leƙa buhuna. A Yendi muka tarar an rushe gida na biyu, an yi shagunan bulo da kwano. Wata mai wake da shinkafa ta zuba mana, Gwaggo ta kasa ci.

Sai Bawku, inda gida na uku yake. Tun kafin mu taso na aika wa maigidan saƙo ta bakin wani direban albasa cewa 'yar maginin na tafe. Dattijon ya tarbe mu da murna, ya yanka zabi, ya ja mu zaure. Warin sabon fenti ya buge ni.

Ya ce, "Hajiya, na ji kunya ki ga aikin babanki ya tsufa. Shekaranjiya na sa aka shafe shi duka da siminti, aka yi fenti."

Na duba bangon, wallahi babu ko alamar tafin. Ban faɗa a saƙon abin da muke nema ba. Gwaggo ta bi bangon da tafinta daga ƙofa har kusurwa, sumul. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji, ya yi kyau."

Ta Bolgatanga muka dawo gida. Abin da na koya mai ɗaci ne: in za ka aika saƙo, ka faɗe shi duka. Kafin damina idonta ya rufe, kuma ba ta taɓa ce mini laifina ne ba.